BABI NA UKU: NOMAN GANDU DA HANYOYIN TALLAFA MASA A ƘANƘARA DA FASKARI DA SABUWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tarihin waɗannan ƙananan hukumomi guda uku da kuma al'ummun da suke zaune a cikinsu. A wannan babi kuwa, za a dubi yadda iyali suke noma abin da za su ci, da hanyar da abincin yake bi tun daga gona har ya zo cikin akushi. Daga nan sai a nazarci irin tallafin da hukumomi suka sha kawo wa manoman wannan yanki, domin a ga inda ya yi rana da kuma inda ya kauce wa ainihin buƙatar mai gandu.

3.1 Yanayin Ƙasar

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987. Dukkansu suna kudu maso yammacin jihar. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara ta wajen Tsafe, ita kuwa Sabuwa ta yi iyaka da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ruwan sama da ake samu a wannan yanki yakan kai kimanin milimita 1000 a shekara, kuma damina takan kama daga watan Mayu zuwa Oktoba, wato ta fi ta arewacin jihar tsawo da yalwa. Wannan ne ya sa masara da dawa da auduga da waken suya da shinkafa suke yi sosai a nan, alhali kuwa a ƙasar Daura da Kaita gero da wake ne suka fi ƙarfi. Bisa ga haka, idan aka yi rashin amfanin gona a kudancin Katsina, ba mutanen wurin kaɗai suke ji a jikinsu ba, har da masu awo a birnin Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano da Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

3.2 Ma'anar Gandu da Yadda Yake Gudana

Kalmar gandu tana ɗauke da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Ta farko ita ce babbar gonar gida. Ta biyu kuwa ita ce yarjejeniyar zaman tare da aiki tare tsakanin uba da 'ya'yansa maza, ko tsakanin wa da ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu. Ma'ana ta biyu ce ta fi shafar wannan bincike, domin kuwa gandu ba fili ba ne kawai, tsari ne na rabon aiki da rabon abinci da rabon ɗawainiya.

A bisa al'ada, 'yan gandu sukan fita tun da sassafe su yi aiki a gonar gida har zuwa wajen azahar. Abin da ya saura na yini nasu ne, su tafi gayaunarsu, wato 'yar gonar da mai gida ya yanka wa kowane ɗa, wani lokaci har da matan gida, wadda amfaninta na mai ita ne. Shi kuwa mai gandu, nauyin ciyar da kowa yana wuyansa. Shi zai samar da iri da fartanya da garma, shi zai yi wa ɗa auren fari, shi zai yi hidimar suna, kuma a da shi yake biya wa kowa haraji, kafin gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1979. A wasu ƙauyukan kudancin Katsina, musamman na Maguzawa, akan sami gandu mai ɗauke da magidanta da yawa, kuma mata suna shiga gona kafaɗa da kafaɗa da maza.

Masana da dama sun yi nazari a kan wannan tsari. Polly Hill, a littafinta na shekarar 1972 a kan garin Batagarawa, ta nuna cewa manoma masu hali su ne suka fi iya riƙe 'ya'yansu a gandu, shi kuwa matalauci gandunsa yakan watse, ya koma ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasa gonar take buƙatar noma. Shi kuma Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, tun daga shekarun 1970, ya nuna cewa dukiyar manomin wannan yanki ba ta rabuwa da hidimar iyali da ta barori da abokan hulɗa. Idan aka haɗa waɗannan bayanai biyu, za a fahimci cewa abin da yake riƙe gandu shi ne rumbu. Muddin akwai hatsi a rumbu, ɗa zai zauna. Ranar da mai gida ya fara fita awo da mudu tun kafin ruwa ya sauka, to ɗa ya fara tunanin Abuja ko Legas.

Hikimar noman gandu tana cikin haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya. Manomi yakan shuka gero da ruwan farko, ya sa dawa a tsakani, daga baya ya bi da wake ko gyaɗa. Gero yakan nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa ta zo da kaka ta cika rumbu, wake ya ba da kuɗi, harawarsa kuma ta ciyar da tumaki da shanun huɗa, su kuma dabbobin su mayar wa gona da taki. In ruwa ya yanke wa ɗaya, da wuya ya yanke wa duka. Masu bincike na Cibiyar Nazarin Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun tabbatar tun shekarun 1970 cewa wannan haɗe-haɗe ba jahilci ba ne, dabara ce ta rage asara.

3.3 Daga Rumbu Zuwa Akushi

Bayan girbi, abu na farko shi ne fitar da zakka, wato ɗaya bisa goma na abin da aka noma da ruwan sama idan ya kai nisabi. Sai kyautar dami ga 'yan'uwa da surukai da malamai da gajiyayyu. Wannan rabo shi ne tallafi na farko da al'umma take yi wa kanta, kuma ya girmi kowace hukuma. Haka ma gayya, inda samarin unguwa sukan taru su nome gonar wanda rashin lafiya ta kwantar ko gonar suruki, a ba su fura da tuwo. A yau gayya ta ja baya ƙwarai, ƙwadago na kuɗi ya maye gurbinta, sai dai ba ta mutu ba.

Mataki na biyu yana hannun mata, kuma shi ne wanda masu tsara shirye-shiryen gwamnati suka fi mantawa da shi. Mace ce take surfe da niƙa, ita take mayar da gero fura, gyaɗa ta zama mai da ƙuli-ƙuli, kalwa ta zama daddawa, waken suya ya zama awara, wake ya zama ƙosai da alala. Daga cikin gida take wannan sana'a, yara su kai talla, ribar kuma ta shiga adashi, daga adashi ta koma akuya ko tunkiya. Sau da yawa idan bazara ta tsananta, akuyar uwargida ake kai wa kasuwa a sayo takin zamani. Ke nan jarin mace yana cikin gandu, ko da ba ta taɓa riƙe fartanya ba.

Mataki na uku shi ne kasuwa. Kasuwannin mako irin na Sheme da 'Yankara a Faskari, da na Ƙanƙara da 'Yargoje, da na Sabuwa, su suke tara hatsin ƙauyuka, daga nan ya wuce manyan kasuwanni irin ta Ɗandume da Funtuwa, inda ake loda shi a manyan motoci. A nan ne kuma babbar matsalar ƙaramin manomi take. Da kaka kowa yana da hatsi, kowa kuma yana da buƙata, ga bashin taki, ga aure, ga kuɗin makaranta, saboda haka farashi yakan faɗi. Mai kuɗi ya saya ya ajiye. Da bazara zuwa tsakiyar damina, sai wanda ya sayar da buhu da araha ya dawo yana sayen tiya da tsada. Wani ma tun amfani yana gona yake cin bashi a kansa, da sharaɗin zai biya da buhu idan kaka ta yi. Manomin da ya shiga wannan rami yakan daɗe bai fita ba, kuma ƙarshensa jinginar da gona.

3.4 Tallafin Hukumomi

Shigar hukuma cikin harkar noma a wannan yanki ta samo asali ne daga auduga. Turawan mulkin mallaka sun kafa gonar renon irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, a shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, jirgin ƙasa kuma ya ratsa ta garin ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. A wannan zamani ne aka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Manufar Turawa ita ce masaƙun Ingila su sami auduga, ba wai rumbun talaka ya cika ba, amma garmar shanu ta zauna, kuma har yau tana cikin abubuwan da suka fi amfanar mai gandu.

Shiri mafi girma da ya taɓa wannan yanki shi ne Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a shekarar 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Ya haɗa da gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. An yi hanyoyin karkara, an gina madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da ƙauyuka, an kuma baza malaman gona. Babban sauyin da ya biyo baya shi ne yaɗuwar masara. Kafin wannan lokaci masara abin bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya. Da aka samu ingantaccen iri daga cibiyar IITA ta Ibadan da cibiyar Samaru, ga kuma taki mai rahusa, sai ta zama babban amfanin gona, tuwon masara ya shiga gidajen da a da ba su san shi ba.

Sai dai kuma wannan ci gaba ya zo da ƙulli. Masara ba ta yi sai da takin zamani, ba kamar dawa da gero ba waɗanda sukan yi haƙuri da ƙasa. Wato manomi ya sami yawan amfani, amma ya ɗaura cikinsa a kan abin da ba shi yake yi ba, ba kuma shi yake yanka masa farashi ba. Har ila yau, masu sukar shirin sun nuna cewa manyan manoma da masu sarauta da 'yan kasuwa su suka fi cin moriyarsa, domin su malaman gona suka fi ziyarta, su kuma suke da hanyar samun rance. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a shekarar 1986, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar Naira ta faɗi, sai rahusar taki ta fara tangal-tangal, noman auduga kuma ya kama hanyar durƙushewa, musamman da masaƙun Kaduna suka rufe daga baya.

Shirye-shiryen da suka biyo baya suna da yawa, ba sai an tsaya a kan kowanne ba. Akwai hukumar KTARDA ta jiha, wadda ta gaji aikin malaman gona. Akwai shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990, wanda ya yaɗa injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse ta fadama, kuma a ganin mai wannan bincike shi ne ya fi kusa da buƙatar ƙaramin manomi, domin ya ba shi aikin yi da rani a maimakon ci-rani. Akwai rabon taki ta wayar hannu na shekarar 2012, da shirin rancen Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a shekarar 2015. Abin lura a nan shi ne, kusan dukkansu suna kallon manomi ne a matsayin mutum ɗaya mai suna a takarda da lambar waya, ba a matsayin gida mai baki ashirin ba. Kuma kusan dukkansu sun tsaya ne a kan shuka. Abin da zai faru da hatsi bayan girbi, ba su cika damuwa da shi ba. Ga kuma ƙorafin da manoma suka daɗe suna yi, cewa taki yakan iso bayan masara ta wuce lokacin buƙatarsa, ko ya biyo ta hannun 'yan siyasa ya ƙare a kasuwa.

Misali na kusa ya isa hujja. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin taki da na huɗa da na sufuri sun tashi, hatsi ya yi tsadar da ta jigata masu saye. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na wani lokaci. A shekarar 2025 farashin masara ya sauko sosai, amma na taki bai biyo shi ba. Mutumin birni ya sami sauƙi, shi kuwa wanda ya ci bashi ya noma masara sai ya ga buhunan da ya girbe ba su mayar masa da abin da ya kashe ba.

3.5 Rashin Tsaro

Duk abin da aka faɗa a sama ya zama ƙarami idan aka kwatanta shi da matsalar 'yan bindiga. Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna gefen dazuzzukan da suka haɗe Katsina da Zamfara da Kaduna, irin su dajin Kogo da na Kuyambana da na Kamuku. Abin ya faro ne da satar shanu, ya koma garkuwa da mutane da ƙone ƙauyuka. A watan Yuni na 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. A ranar 11 ga Disamba na wannan shekara aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. A watan Yuni na 2024 kuma aka kai mummunan hari 'Yargoje.

Illar wannan ga gandu ta bi matakai ne. Da farko an kwashe shanun huɗa, manomin da yake huɗe gonarsa da garma ya koma fartanya, ko ya yi hayar abin da a da nasa ne. Rashin dabbobi ya jawo rashin takin gargajiya. Sannan gonakin nesa, waɗanda suka fi girma da ƙarfin ƙasa, suka gagara zuwa, kowa ya matso kusa da gari, hayar gona ta yi tsada. A wasu wurare an hana shuka dawa da masara a bakin hanya da gefen gari saboda tsayinsu yana ba maɓarnata mafaka. A wasu kuma sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka ko girbi. Kuɗin fansa ya cinye gonaki, domin gidan da aka ɗauke wa mutum ba ya tsayawa ciniki. Mafi muni shi ne abin da ya sami rumbu. Rumbu cike da dawa, wanda a da shi ne mutuncin mai gida, ya zama abin da yake jawo masa hari. Saboda haka mutane da yawa suka koma sayar da hatsi da zarar an girbe, ko su kai shi ajiya cikin gari a biya kuɗin shago. Ke nan ramin nan na sayarwa da araha a saya da tsada ya ƙara zurfi, har ga waɗanda a da suka fi ƙarfinsa.

Matakan da gwamnati ta ɗauka su ma sun taɓa abinci. A shekarar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni. An yi haka ne don a toshe wa 'yan bindiga hanya, amma matar da take son sayar da akuya ta sayi hatsi ita ma an toshe mata. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, sannan a shekarar 2025 aka yi zaman sulhu tsakanin al'umma da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Faskari.

Bai kamata a manta ba cewa makiyayi na gaskiya shi ma ɗan wannan tsari ne, kuma shi ma an sace masa shanu. A da Bafulatani yakan sauka a gonar Bahaushe bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba shi dami, matarsa ta kawo nono gari ta koma da hatsi. Nome burtali da mashaya, da rashin adalci wajen yanke diyyar ɓarna, suna cikin abubuwan da suka ɓata wannan zumunci tun kafin bindiga ta shigo.

3.6 Inda Ya Kamata Tallafi Ya Dosa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2019 zuwa 2028 domin noman iyali, abin da yake nuna cewa ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gane muhimmancinsa ba. To amma a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ra'ayin wannan bincike shi ne a fara da ajiya. Idan ƙungiyar manoma ta unguwa tana da ɗakin ajiya a wuri mai tsaro, manomi ya kai buhunsa da kaka a ba shi rancen wani kaso na kuɗinsa, ya biya buƙatarsa, da bazara ya karɓi hatsinsa ko ya sayar da daraja, to an raba shi da bashin kaka. An gwada irin wannan tsari a Jamhuriyar Nijar tare da rumbunan tsimi na ƙauyuka. Buhun nan mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda aka fara yaɗawa a shekarar 2007, yana kashe ƙwarin wake ba tare da an zuba magani ba, kuma bai fi ƙarfin ƙaramin manomi ba.

Na biyu shi ne mayar wa gida da dabbobinsa. Rancen shanun huɗa da na awaki ga mata ya fi buhun taki guda daɗewa, domin yana haihuwa, yana kuma rage dogaro da takin kanti. Haka nan juya shuka tsakanin masara da waken suya yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma rage ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta. Wannan aikin malamin gona ne, kuma malamin gona ɗaya da yake zaune a gunduma yana jin yaren manomi ya fi taron ƙaddamarwa a babban birnin jiha.

Akwai kuma batun da bai riga ya fito fili ba, wato gonakin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa da Katsina da sauran garuruwa. Mafi yawan gonakin gado ba su da takarda, shaidarsu ita ce dattawa da mai unguwa da itacen da yake kan iyaka. Wasu daga cikin dattawan sun rasu, wasu gonakin an jinginar da su cikin gaggawa ba tare da rubutu ba, wasu kuma shekaru sun shafe iyakarsu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallakar filayen karkara, saboda haka suna da hurumin haɗa kai da hakimai da dagatai su rubuta waɗannan gonaki da sunan gidajen da suka gada, tun masu shaida suna raye.